Babanta ya hana a yi mata allurar sankarar bakin mahaifa, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da yarinya 'yar shekara 11. An aiko daga makarantarsu cewa za a yi musu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, babanta ya ce ba da 'yarsa ba. Ya ce ya ji allurar tana hana haihuwa, kuma cutar ta masu bin maza ce, 'yarsa kuwa ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da izini. Ya ce in don Allah ake yi, me ya sa mata kaɗai, kuma me ya sa kyauta alhali maganin zazzaɓi ma sai ka saya. Ni kuma hankalina ya rabu biyu. A ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya yi mata albarka.

Tambayoyin maigidanki ba na jahilci ba ne, kuma kusan duk mako sai na ji irinsu a asibiti, wani lokaci ma daga bakin 'yan boko masu digiri. Zan fara da wadda ta fi yi masa ciwo, wato zancen bin maza, domin ita ce ke sa uba ya ji kamar an zagi gidansa.

Akwai wata baiwar Allah da na taɓa dubawa, ba za ta wuce shekara 45 ba, haihuwarta 8. An yi mata aure tana da shekara 15, ba ta san wani namiji ba sai mijinta. Jini ya fara zuwa mata ɗigo-ɗigo bayan kwanciyar aure, ta ɗauka al'ada ce ta rikice don ta kusa ɗaukewa. Sallah ce ta fara damunta kafin ciwon, sai ta aika aka tambayi malamar Islamiyya ko jinin haila ne ko na cuta. Aka ba ta hukuncin istihala, daidai yadda yake a littafi, amma ba wanda ya ce mata ta je asibiti. Daga baya ruwa mai wari ya biyo. A kemis aka ce sanyi ne, ta sha ƙwayoyi, ta yi matsi, ta sha sassaƙe, wata ƙawarta ta ce ai wannan hannun kishiya ne. Ranar da ta zo wurina ƙamshin turaren wuta ya riga ta shigowa ɗakin, ta turara zanenta da hijabinta har sun riƙe, don kada a ji abin da take ɓoyewa. 'Yarta da ta rako ta ta ce mini wata 7 ke nan rabon ta da biki ko suna, kuma ta daina cin abinci a kwano ɗaya da jikokinta. Da na duba, ciwon ya cinye bakin mahaifar ya taɓa mafitsara. Ya wuce tiyata, sai gashi da na'ura, na'urar kuwa ba kowace jiha ke da ita ba. Mutanenmu sukan nufi Shika ko Sakkwato ko Abuja su bi layi, ga kuɗin mota, ga masauki, ga kuɗin gashin kansa.

Irin wannan matar ce mai sankarar bakin mahaifa a ƙasarmu. Yawancin waɗanda nake gani matan aure ne, iyaye da kakanni. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya a wannan shekarar, kusan 8,000 suka rasu. Dalilin yawan mutuwar shi ne abin da na ba ki labari, ana zuwa asibiti bayan aski ya zo gaban goshi.

Mafarin ciwon wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙarta da wannan sankara, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana da nau'i sama da 100, amma biyu daga ciki, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Gaskiya ne ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, da ma haɗuwar fatar gaba kawai. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne yawanta. Mafi yawan mutanen da suka yi aure, maza da mata, za su haɗu da ita a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba, domin ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ƙaiƙayi, ba ta nuna komai. A cikin mutum 10, jikin 9 yakan kore ta da kansa cikin shekara 2. Ta goman ce matsalar: ƙwayar ta zauna a bakin mahaifa tana sauya ƙwayoyin halittar wurin a hankali, bayan shekara 15 zuwa 20 tana iya zama daji. Ga mai cutar ƙanjamau tafiyar ta fi sauri, kuma haɗarin ya ninka kusan sau 6.

To ki duba yadda muke zaman aure. Mutum ya auri bazawara, mijinta na fari ya taɓa auren wata, ita ma waccan ta fito daga wani gidan. Ƙwayar za ta bi wannan zaren daga ɗaki zuwa ɗaki, ta kai ga uwargida da amarya, alhali ba wanda ya kusanci haram a cikinsu. Gwajin jinin da ake yi kafin aure yana nuna ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, amma ba ya nuna HPV, kuma namiji ba shi da wani gwajin yau da kullum da za a yi masa a ce ga ta. Maigidanki ya san tarbiyyar da ya ba 'yarsa, ba wanda ke ja da shi a kai. Wanda zai aure ta nan da shekara 7 ko 10 fa, ya san tarihinsa? Ya san wadda zai auro bayanta? Wannan shi ne gurbin da allurar ke toshewa.

Shi ya sa ake yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14. Allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta shiga jikinta, tana tare hanya ne kafin ta iso, kuma jikin yarinya a wannan shekarun ya fi na babba samar da garkuwa mai ƙarfi. A wurinmu da ake aurar da 'ya'ya da wuri, ƙofar ta fi saurin rufewa. Jira har ta girma ta yanke wa kanta hukunci, kamar yadda wasu ke cewa, sau da yawa yana nufin jira har amfanin ya ragu. Kuma ga wani abu da nakan tuna wa iyaye: allurar ciwon hanta da ake yi wa jariri tun ranar haihuwa ta wata ƙwayar cuta ce da ita ma ake iya ɗauka ta saduwa, ita ma tana kawo sankara, ta hanta. Ba na jin akwai uban da ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin zargi ga jaririnsa. In an duba katin rigakafin 'yarki, wataƙila tana ciki.

Masu cewa allurar za ta buɗe wa yara ido su lalace, an bi diddigin wannan a Amurka, aka kwatanta 'yan matan da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga bambanci ba wajen ɗaukar ciki ko kamuwa da cututtukan saduwa. Ni ma dai ban taɓa jin yarinyar da tsoron dajin da zai zo tana da shekara 45 ne ya tsare ta ba. Tsoron Allah da idon iyaye ke tsarewa, allura kuwa ba ta taɓa ko ɗaya.

Yanzu zancen haihuwa, wanda shi ne ainihin abin da ke razana mutanenmu. Ba zan ce miki tsoron ya faɗo daga sama ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma akwai bambanci babba. Trovan magani ne da ake gwadawa a lokacin. Allurar HPV kuwa an fara amfani da ita a 2006, ba ta shiga jadawalin rigakafin Najeriya ba sai 24 ga Oktoba 2023. Shekara 17 ana yi wa 'ya'yan wasu kafin ta iso ga namu. In akwai ƙorafin da ya dace mu yi, na jinkirin ne.

Sai kuma 2003, da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi bisa wannan zargin dai na hana haihuwa. An koma yi a 2004, amma cutar ta riga ta fara bazuwa, daga ƙarshe ta kai ƙasashe kusan 20, yara da yawa sun rasa ƙafafunsu. Ki leƙa unguwarku yau. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a 2004 da 2005 su ne ke cika layin awo, wata da goyo a baya da ciki a gaba. Da yawansu ni na karɓi haihuwarsu. An yi mana alkawarin za su zama juya, ga shi gadajen ɗakin haihuwa ba sa isar mu.

Ki tambayi maigidan wannan, cikin ladabi. Allurar tazarar haihuwa da mata ke zuwa karɓa da kansu, wata nawa take yi? Wata 2 ko 3, in mace ta makara da komawa sai ciki ya shiga. A duk abin da likitanci ya mallaka yau babu allura guda a dantse da ke tsayar da haihuwa har abada. Da akwai ta, matan da ciki ke barazana ga ransu ba sai mun shiga da su ɗakin tiyata mun ɗaure musu hanyar ƙwai ba.

Abin da ke cikin kwalbar ba ɓoyayye ba ne. Wadda Najeriya ta fara da ita sunanta Gardasil, mai kariya daga nau'i 4: na 16 da 18 masu kawo sankara, da na 6 da 11 masu kawo tsiron nan da ke fitowa a gaba. Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, ko matacciya. Kwaikwayon ɓawon ƙwayar ne kawai, wanda ake samarwa ta hanyar yis irin na burodi, kamar a ce kwasfar gyaɗa ba gyaɗa a ciki. Jiki ya gan shi ya ɗauka maƙiyi ne, ya tanadi makami, ranar da ta gasken ta zo ta tarar ana jiranta. Cikin sauran abubuwan akwai gishiri da ɗan sinadarin alminiyam da ke zaburar da garkuwa, irin wanda ke cikin alluran jarirai tun da daɗewa. Babu sinadarin da ke taɓa al'ada ko ƙwan mace, babu kuma wani abu na alade.

Su waɗanda suka ƙera ta, kan 'ya'yansu suka fara. Ostareliya ta soma yi wa 'yan matan makaranta a 2007, Birtaniya a 2008. Waɗannan yaran yanzu sun haura 30, suna haihuwa. A Denmak an bi bayanan mata kusan miliyan 1 don a ga ko allurar na sa ƙwan mace ya ƙare da wuri, ba a sami alaƙa ba, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan ingancin rigakafi ya duba wannan zargin ya ce babu hujja. Ƙasashen Musulmi ma ba a bar su a baya ba: Abu Dhabi ta fara a 2008, Malesiya a 2010, Bangaladash a 2023 tare da mu. A Afirka Ruwanda ce ta riga kowa, tun 2011. Abin da na gani da idona yana hana mace haihuwa shi ne ciwon kansa, domin maganinsa sau da yawa cire mahaifa ne gaba ɗaya, ko gashin da ke ƙone ƙwai. Na cire wa 'yar shekara 32 mahaifa tana kuka tana cewa haihuwarta ɗaya tak.

Tana aiki kuwa? An daɗe ana cewa sai an jira a gani, to an gani. A Suwidin an bi mata kusan miliyan 1.7, aka tarar waɗanda aka yi wa kafin su kai 17 haɗarin sankarar ya ragu musu da kashi 88 cikin 100. A Ingila raguwar ta kai kashi 87 ga waɗanda aka ba su suna da shekara 12 zuwa 13. A Sikotland, rahoton 2024 bai sami ko mace ɗaya da ta kamu ba a cikin waɗanda aka kammala wa allurar a wannan shekarun. Japan kuma ta nuna ɗaya ɓangaren. A 2013 hotunan 'yan mata masu karkarwa suka cika talabijin, gwamnati ta daina ƙarfafa gwiwar a yi, masu karɓa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1. Bincike bai tabbatar allurar ce sanadi ba, aka dawo da ita a 2022, amma 'yan matan da suka taso cikin shekara 9 ɗin da ke tsakani da yawansu sun wuce ba kariya.

Da can sau 3 ake yi, aka koma 2. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sau 1, bayan wani gwaji a Kenya ya nuna allura guda ta ba da kariyar sama da kashi 97 daga zaunannen kamu da nau'i na 16 da 18. Shi ya sa a nan sau ɗaya ne. Yarinyar da ke da ƙanjamau ko raunin garkuwa ita ce ke buƙatar ƙari.

Dalilin mata kaɗai kuɗi ne da ƙarancin allurar. Ƙwayar tana kawo wa maza sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta mazakuta, kuma Ostareliya tun 2013, Birtaniya tun 2019, suna yi wa yara maza. Mu da abin bai wadace mu ba aka fara da inda mutuwar ta fi yawa. Ni da za a tambaye ni, da na ce a haɗa da mazan, ko don wannan zargin ya mutu. Kyautar kuma ba kyauta ba ce, akwai mai biya: ƙungiyar Gavi da ke tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ita ke ɗaukar kaso mafi tsoka, gwamnati ta cika. Amma a kan maganin zazzaɓi, maigidanki yana da gaskiya. Mutumin da ya kai ɗansa asibiti aka rubuta masa farasitamol ya je ya saya, washegari aka biyo shi har makarantar 'yarsa da allurar da bai nema ba, dole ya yi mamaki. Mu ma ma'aikatan lafiya mun yi sake. An sha shiga makarantu ba a zauna da iyaye ba, wani mai allurar in ka tambaye shi ta mece ce sai ya ce daga sama aka turo. Wannan laifinmu ne. Sai dai in aka hana yarinya allurar don haushin rashin farasitamol, ita za ta biya bashin da ba ta ci ba, ba gwamnati ba.

Illolinta kuwa, dantsen zai yi tsami kwana 1 ko 2, wata ta yi ɗan zazzaɓi ko ciwon kai. Abin da ya fi tayar da hankali a makaranta shi ne suma. Yara sun jeru a rana, wata ba ta karya ba, tana kallon ta gabanta tana ihu, ana soka mata sai jiri ya kwashe ta. Ta bayanta ta gani ita ma ta sulale. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa allura ta kashe yara, alhali suna gida suna cin abinci. Tsoron tsinin allura ne ke kawo wannan, kuma maganinsa a ba yarinya abinci kafin ta je, a yi mata a zaune, ta huta minti 15 kafin ta tashi. Mummunan rikicewar jiki mai toshe numfashi yana faruwa, amma bai kai mutum 2 cikin miliyan ba, kuma shi ma cikin waɗannan mintunan yake bayyana, ana maganinsa nan take. Yarinyar da ke kwance da zazzaɓi mai zafi a bari ta warke, mai ciki a jira ta haihu, wadda wata allura ta taɓa rikita wa jiki sosai a faɗa wa ma'aikacin tun kafin ya buɗe kwalba.

In ya ce ai cuta da mutuwa na Allah ne, ki ce masa haka ne. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa a hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Maigidan ya san wannan ƙissar fiye da ni.

Kada ki kai ta a ɓoye. Na ga gidajen da aka yi haka, yarinya ta dawo tana riƙe da dantse, abin ya zama rigimar da ta fi ta allurar, kuma duk ciwon da ya same ta nan gaba, ko jinkirin ɗaukar ciki na wata 6 bayan aure, a kanki za a ɗora. Ki nemi lokacin da ransa ke sanyi, ki nuna masa kin fahimci kishin 'yarsa ne ya sa shi. Maza da yawa ba sa son a ce mace ce ta juya su, don haka ki roƙe shi ya je da kansa asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ko wurin wani likita da ya yarda da shi, ya ce a nuna masa kwalbar, ya karanta sunanta da ranar lalacewarta, ya tambayi likitan ko ya yi wa tasa 'yar. Ni na yi wa nawa biyu. In mahaifiyarsa na raye ki bi ta wurinta, don tsofaffi da yawa sun taɓa jinyar wata mai zubar jini da wari ko da ba su san sunan ciwon ba. In ranar makarantar ta wuce bai sauko ba, ba a rasa ba, ku tambaya a wurin rigakafin jarirai, amma kada a bar ta ta haura 14.

Ke kuma, 'yar'uwa, uwar 'yar shekara 11 ta kai ko ta kusa shekarun gwaji. Ana so mace ta yi gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, aƙalla sau ɗaya kafin 35 da wani kafin 45. Akwai na shafa ruwan khal a duba da ido, minti kaɗan ne, in an ga wurin ya yi fari a ƙone shi ko a daskarar da shi tun bai zama daji ba. Ita ma yarinyar, ko an yi mata allurar, za ta yi wannan gwajin in ta girma, tunda allurar ba ta rufe dukkan nau'o'in ba. In kuma kina ganin jini bayan kwanciya, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai warin da maganin sanyi ya kasa, ki je a duba ki cikin wannan makon, ki nemi mace ta duba ki in hakan ya fi miki sauƙi.